Yadda mai matsakaicin tuli zai buga gasar poka a ƙofar biya

A gasar poka, wani wasan karta, kowa kuɗin shiga ɗaya yake biya, amma kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai ke komawa gida da wani abu. A babbar gasar poka ta duniya, wato WSOP, ta 2024 a Las Vegas, ƙasar Amurka, mutum 10,112 suka shiga a kan dala 10,000 kowanne, aka ware wa kujeru 1,517 kuɗi, mafi ƙanƙanta dala 15,000. Lokacin da waɗanda suka rage suka ɗara adadin kujerun biya da 'yan kaɗan, an iso ƙofar biya ke nan. 'Yan wasa a can suna kiran wurin kumfa, domin da na ƙarshe ya fita sai ta fashe, duk wanda ke zaune ya shiga kuɗi. Poka ta kuɗi caca ce, hukuncinta a Musulunci sananne ne. Lissafin da ke tafe kuwa bai canzawa ko a gasannin intanet da ake shiga ba tare da an zuba ko sisi ba.

Tuli shi ne tarin kwabban wasa da ke gaban ɗan wasa, wanda nasa suka ƙare ya fita. Mai babban tuli a wannan lokaci ba ya tsoron kowa, ko ya faɗi rabo ɗaya yana nan zaune. Mai ƙaramin tuli ma zaɓinsa kaɗan ne: ko ya tura duka, wato ya zuba dukan kwabbansa a rabo ɗaya, ko ya lallaɓa ya jira. Na tsakiya ne ke tsaka mai wuya. Yana da kwabban da za su kai shi cikin kuɗi in ya kiyaye su, kuma rabo ɗaya tak da babba zai iya tashinsa hannu rabbana. Saboda haka, kafin ya duba katinsa, abin da zai fara dubawa shi ne wanda zai yi karo da shi, da kuma wane ne a cikinsu zai fara turawa.

Fara da ƙirga

Ba a auna tuli da yawan kwabbai, da babban zubi ake auna shi. A kowane rabo mutum biyu ke yin zubin dole kafin a ga kati, ƙarami da babba, kuma a yawancin manyan gasanni yanzu mai babban zubi yana ƙara wani daidai da shi a madadin tebur baki ɗaya. In zubin ya kai 5,000 da 10,000, da ƙarin 10,000, to akwai 25,000 a tsakiya tun ba a taɓa kati ba, wato zubi biyu da rabi. Mai kwabbai 250,000 yana da zubi 25. Matsakaicin tuli a nan shi ne daga zubi 15 zuwa kamar 35, muddin akwai waɗanda suka fi ka a tebur, akwai kuma waɗanda ka fi nesa ba kusa ba.

Kowane zagayen tebur yana cin zubi biyu da rabi ko da ba ka buga komai ba. A tebur mai mutum tara, zubi 25 zai ɗauke ka zagaye goma, rabo 90, in farashin zubi bai tashi ba. Amma yana tashi, don haka ka dubi agogon gasa. In saura minti biyar zubi ya koma 6,000 da 12,000, tulinka na gaskiya zubi 21 ne, ba 25 ba.

Sai ka dubi allo: mutum nawa suka rage, kujeru nawa ake biya. Daga nan ka miƙe tsakanin rabo da rabo ka leƙa teburan da ke kusa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin nema shi ne masu zubi biyar zuwa ƙasa, nawa ne su, kuma yaushe babban zubi zai iso kansu. In saura mutum uku a shiga kuɗi, ga masu ƙaramin tuli takwas suna numfashi sama-sama, jira yana da riba. In saura mutum arba'in, ƙanana kuma ba su da yawa, ba ka iso ƙofar ba tukuna, ci gaba da wasanka kamar kullum.

Dalilin da kwabon da ka rasa ya fi wanda ka ci tsada

Nan ne tushen komai, kuma nan ne ya kamata a daɗe. A gasa, wanda ya tara dukan kwabbai ba ya ɗaukar dukan kuɗi, na farko kawai yake ɗauka. Don haka ninka tuli ba ya ninka kuɗin da kake sa rai, amma rasa tuli yana share shi tas. Hanyar lissafa wannan ana ce mata ICM. Asalinta dabarar da David Harville ya fitar a 1973 don sukuwar dawaki, Mason Malmuth kuma ya kawo ta poka a 1987. Ƙa'idar mai sauƙi ce: damarka ta zuwa na ɗaya daidai take da kasonka na kwabban da ke wasa, sannan a cire wanda ya zo na ɗaya a sake lissafi don na biyu, haka har ƙasa.

Ɗauki ƙaramin misali da za a iya bi da biro. Mutum huɗu suka rage, uku za a biya: dala 500, 300 da 200. Kwabbai 10,000 ne duka. Babba yana da 4,000, kai kana da 3,000, na uku 2,000, ƙarami 1,000. A ajiye batun zubin dole don lissafin ya fito fili. A wannan zama, kujerarka ta kai kimanin dala 295.

Babba ya tura duka, ka amsa, wato kai ma ka zuba naka kwabban don ku kara. In ka ci, ka koma 6,000, kujerarka ta kai kimanin dala 405. In ka faɗi, ka tashi babu komai. Ka sa dala 295 ke nan a kasada don neman 110. Kafin wannan amsa ta biya kanta, sai damar cinka ta kai kusan kashi 73 cikin 100. To A-K, wato A da K su zama katunan biyu da ke hannunka, katin da mutane ke rawar jiki a kansa, ko da babban yana turawa da kowane kati ido rufe, damarsa kusan kashi 65 ce, in masu alama ɗaya ne 67. Ke nan ajiye shi za ka yi, wato ka janye daga rabon. Tagwayen 9, wato 9 guda biyu a hannu, suna kan iyaka da kashi 72, tagwayen 10 sun haye da 75, tagwayen Q suna wajen 80.

Yanzu juya misalin. Ƙarami ne ya tura 1,000 ɗinsa, ka amsa. In ka ci, ya fita, an shiga kuɗi, kujerarka ta kai dala 357. In ka faɗi, kana nan da 2,000, darajarsu dala 223. Riba 62, hasara 72. Abin da kake bukata kashi 54 ne kacal. Kati ɗaya, tebur ɗaya, amma da wannan mutum kana bukatar 73, da wancan 54. Bambancin duka daga tulin abokin karo ya fito.

A gasa mai dubban mutane ƙarin ba ya kai haka tsanani, domin kuɗin ƙofa ƙaramin yanki ne na abin da ke gaba. A waccan gasar ta 2024 kuɗin da aka raba ya haura dala miliyan 94, na ɗaya, Jonathan Tamayo, ya ɗauki miliyan 10. In ka raba jimillar ga kujeru 1,517, kowace ta tashi kusan dala 62,000, wato dala 15,000 ta ƙofa kusan rubu'i ce ta darajar tulin da ke daidai da na kowa. Ga mai zubi uku, wannan 15,000 ita ce kusan duk abin da yake fata. Ga mai zubi 30, yanki ne mai kauri da ba a wasa da shi, amma bai kai a daina wasa dominsa ba.

Raba mutanen tebur gida uku

Na farko, waɗanda suka fi ka tuli, musamman na hagunka da ke magana bayanka. Su kaɗai ke iya fitar da kai. Na biyu, sa'o'inka masu matsakaicin tuli. Tsoron da ke ranka shi ke ransu, kuma su ne abin farautarka. Na uku, ƙanana. Su ma iri biyu ne: mai zubi biyu ko uku da ya ƙudura zai rarrafa ya shiga kuɗi, wannan zai ajiye kusan komai, da mai zubi bakwai zuwa goma da ke neman inda zai tura, wannan in ka buɗe, wato ka zama na farkon da ya ƙara zubi a rabon, zai iya dawo maka da duka.

Ka lura da halin babba kuma. Wani babban ya san aikinsa, yana buɗe rabo biyu cikin uku, yana matsa wa kowa. Wani kuwa ya tara kwabbai ya zauna a kansu kamar kaza a kan ƙwai. In na biyun ne a teburinka, filin da ya bari naka ne.

Satar zubi

In kowa ya ajiye har magana ta iso kanka a kujerar ƙarshe, mai maɓallin rabo, ko wadda ke gabanta, buɗe da zubi biyu ko biyu da ɗigo biyu. Kada ka wuce haka. Da zubi biyu kana neman biyu da rabi, don haka ko sau 45 cikin 100 suka ajiye ka mayar da kuɗinka, ba tare da an ma duba ƙarfin katinka ba. Buɗewa da zubi uku tana bukatar su ajiye sau 55, kuma mai niyyar turawa bai damu da bambancin ba, ƙarin zubi ɗaya kawai ka miƙa masa.

Faɗin katin buɗewa ya danganta da waɗanda ke bayanka. In masu zubin dole biyun sa'o'inka ne ko ƙananan da ka fi, buɗe da faɗi: kowane A, kowane tagwaye, K da Q masu rakiya mai kyau, da masu bin juna a alama ɗaya irin 9-8. In babba mai matsi ne a babban zubi, rage kusan rabi, ka fifita kati mai A ko K. Dalilin na ƙirga ne. Tagwayen A suna zuwa ta hanya shida, A-K ta hanya 16. In A ɗaya na hannunka, sun koma uku da 12. Ka rage masa katin da zai tura maka da shi. Ƙananan tagwaye irin 3-3 da 4-4 kuwa ba sa toshe komai, kuma in an tura maka ba za ka iya amsawa ba, don haka a kujerun farko ajiye su ya fi.

Kafin kwabbanka su taɓa tsakiya, yanke shawarar abin da za ka yi da kowane mutum da ke bayanka. In mai zubi shida ya tura, farashin zai tilasta maka amsawa da kusan duk abin da ka buɗe da shi, to kada ka buɗe da abin da za ka ji kunyar nunawa. In babba ya tura, ka san tun farko tagwaye nawa ne za su amsa. Masu faɗuwa a nan yawanci sun buɗe ne ba shiri, aka tura musu, sai zuciya ta yanke hukunci a madadin lissafi.

Mayar da turawa a kan mai buɗewa

Daga zubi 15 zuwa 22, wannan shi ne makaminka mafi kaifi. Wani ya buɗe da 2.2 daga kujerar kusa da ƙarshe, kai kana maɓalli da zubi 18. A tsakiya akwai 4.7, fiye da rubu'in tulinka, kuma za ka iya ɗaukarsa ba tare da an buɗe kati ko ɗaya ba. Ka ce kana riƙe da A-5 masu alama ɗaya. In ya amsa da tagwayen 10 zuwa sama da A-Q da A-K, damarka kusan kashi 30 ce. Daga tsakiya mai 38.5 rabonka 11.5, ka yi hasarar shida da rabi. A lissafin kwabbai zalla kana bukatar ya ajiye sau 58 cikin 100. Mutumin da ke buɗe kashi 30 na kati, hanyoyi kusan 400 daga cikin 1,326, amma yake amsawa da 62 kawai, yana ajiyewa fiye da sau 80. Tazarar tana da faɗi har ta ɗauki nauyin ƙofar biya.

Sharaɗin shi ne mai buɗewar ya kasance wanda amsa za ta yi masa ciwo. Mai zubi 25 da ya amsa maka 18 ya faɗi ya zama ƙarami nan take, don haka zai yi ta ajiyewa. Mai zubi 90 ba ya jin 18 a jikinsa, zai amsa da tagwayen 6 da A-10 yana murmushi. Wannan dabara a kan sa'a ake yin ta. Kada kuma a yi ta a kan wanda ya buɗe daga kujerar farko bayan ya shafe awa bai taɓa kwabo ba, katinsa na gaske ne. Ka tuna da mutum biyun da ke bayanka a zubin dole. In ɗayansu babba ne mai saurin amsawa, ƙara matse katinka.

Sama da zubi 28, tura duka a kan buɗewa ya yi nauyi, abin da kake sawa a kasada ya fi abin da kake nema yawa. A nan ko dai ka ƙara kaɗan, kamar zubi biyar da rabi zuwa shida, da niyyar ajiyewa in an tura, ko ka bar rabon ya wuce.

Amsa turawar wani

Mai turawa yana da hanya biyu ta ci: a ajiye masa, ko katinsa ya yi nasara. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. Shi ya sa ɓarnar masu matsakaicin tuli a ƙofar biya ta fi yawa a wajen amsawa.

Ga yadda ake lissafin a tebur. Kana babban zubi da 20 bayan ka biya na tebur, babba ya tura daga maɓalli, ƙaramin zubi ya ajiye. Za ka ƙara 19, tsakiya ta zama 41.5. Raba 19 da 41.5, ya ba ka kusan kashi 46. Wannan farashin kwabbai ne. A kansa sai ka ɗora harajin ƙofa: in mai turawa zai iya fitar da kai, kuma akwai ƙanana da dama a ɗakin, ƙara aƙalla maki goma, ya zama 56 ko fiye. Kati irin A-7, K-J da 4-4, da za a amsa da su a farkon gasa ba tare da tunani ba, sun faɗi ƙasa da layin. Abin da ya rage kusan tagwayen 8 zuwa sama ne da A-J zuwa sama, shi ma in babban yana turawa da faɗi. In mai taka-tsantsan ne, A-J da 8-8 ma sun fita.

Zai yi maka zafi ka san yana sata kana kallo. Haƙuri za ka yi, domin sanin cewa katinsa ba shi da ƙarfi bai isa ba. Ko tagwayen J da A-K suka haɗu, kusan 57 da 43 ne, tagwayen A ma suna faɗuwa a hannun tagwayen K kusan sau 18 cikin 100. Amsar da ka yi don huce haushi kai da shi take cuta, sauran tebur ke cin ribarta suna zaune.

Bayan an buɗe katunan tebur, waɗanda kowa ke haɗawa da na hannunsa, in kana rabo da wanda ya fi ka, riƙe tsakiya ƙarama. Da kati mai matsakaicin ƙarfi, wucewa ba tare da zubi ba ta fi. In za ka zuba, sulusin tsakiya ya wadatar. Kada ka fara yaudarar da sai ka zuba sau uku kafin ta yi aiki.

Kishiyar wannan kuskure shi ne daskarewa. Mai zubi 22 da ya naɗe hannu zagaye huɗu ya zubar da zubi goma, in farashi ya tashi a tsakani sai ya shiga kuɗi da takwas ko tara. Ya samu na ƙofa, amma ya sayar da damarsa ta zuwa inda manyan kuɗin suke. Sata ɗaya a kowane zagaye ta isa ta riƙe tulinka inda yake.

Rabo a tare, da gasannin da lissafinsu ya bambanta

In saura mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, daraktan gasa yakan umarci duk tebura su yi rabo ɗaya, su jira juna, sannan a sake. Daga nan jan lokaci ba ya da amfani, kowa adadin rabo ɗaya zai buga. Kafin a kai nan ne masu ƙaramin tuli ke jan ƙafa, kuma in abin ya yi yawa kana da damar neman a sa wa mutum agogo, tunda kai ne zubi ke ci. In mutum biyu suka fita a rabo ɗaya a tebura daban, yawanci raba kuɗin kujerar suke yi. In a tebur ɗaya ne, wanda ya fara rabon da tuli mafi yawa shi ke gaba. In ƙarami ya tura, kai da wani kuka amsa, barin zuba wa juna har ƙarshe yana ƙara yiwuwar fitarsa, amma kada ka furta hakan da baki, haɗa baki ne, ana hukunta shi.

Gasar neman tikitin shiga babbar gasa, irin wadda Chris Moneymaker ya bi ta intanet har ya ci babbar gasar WSOP ta 2003, dokarta daban ce: duk kujerun biya kyauta ɗaya suke samu, ƙarin kwabbai ba ya ƙara komai. In tulinka ya isa ya kai ka, ga ƙanana na shirin fita, ajiye ko da tagwayen A ne a gaban turawar babba daidai ne. A gasar da ake biyan lada kan duk wanda ka fitar kuwa, ladan yana sauke farashin amsa wa wanda ka fi tuli, amma yana sa manya su riƙa amsa maka da faɗi, don haka rage mayar da turawa.

Da kumfa ta fashe, ƙananan da suka daɗe suna danne zuciya za su fara turawa da duk abin da ya zo hannunsu, kuma matakan biya na gaba kusa suke da juna, harajin ƙofa ya sauka. A zagaye biyu na farko rage satar zubi da kati mara ƙarfi, domin yanzu ba mai ajiyewa, ka kuma dawo da A-9, K-Q da 6-6 cikin abin da kake amsa wa masu zubi goma zuwa ƙasa da shi.